Akwatin cire sauti daga HDMI: yadda ya yi min da PS5 da tsohuwar risibar sauti

Jama'a yau kan ɗan akwatin nan da ake raba hoto da sauti na HDMI da shi zan yi magana, dan na lura duk wanda ya sayi sabon gem alhali kayan sautin falonsa tsofaffi ne tambayarsa ɗaya ce, wai ina zai soka waya. Ka juya bayan PS5 ka duba da kyau, ramin HDMI ɗaya ne tal, sai na USB, na intanet da na wuta, shikenan. Ramin oftikal ɗin nan mai jan haske da muka saba da shi a PS3 da PS4 babu shi, dama tun PS4 Slim na 2016 aka fara cire shi, Xbox Series X da Series S da suka fito a Nuwamban 2020 suma basu zo da shi ba, Nintendo Switch kuwa bai taɓa samunsa ba ma.

Ni risibar sautina, wato amfilifayar da take karɓar sauti ta raba wa sifiku, tsohuwa ce, 5.1, sifika biyar da wufa ɗaya mai fitar da bes, kuma wlh har yau sautinta bashi da makusa, shi yasa bana jin zan yar da ita dan kawai an canza yayin waya. Tana da ramukan HDMI amma na zamanin 1080p ne. To kaga matsalar, in na bi da gem ɗin ta cikinta kafin ya kai ga tibi sauti zai fito zam-zam amma hoto ya faɗo 1080p, ba 4K ba HDR ba 120Hz, kenan kuɗin tibi ya tafi a banza. In kuma na soka gem ɗin kai tsaye a tibi hoto ya yi kyau, sai sautin ya zama sai yadda tibi ya ga dama ya dawo min da shi. Wannan tsakiyar akwatin yake shiga.

Sunan kamfani bazan kama ba, dan irinsa sun cika kasuwa, ka ga guda biyar kamanninsu ɗaya sak sai sunan da aka manna a sama ne ya bambanta. Abinda zaka duba ramukansa ne da lambobin da aka rubuta. Nawa baƙin ƙarfe ne, bai kai tafin hannu ba, yana da HDMI na shiga guda ɗaya, HDMI na fita zuwa tibi, sai wani HDMI na biyu da sauti kaɗai yake fitarwa, sannan oftikal, ramin iyafis, da wani ɗan makunni a gefe mai matsayi huɗu, 2.0, 5.1, 7.1 da kuma wanda yake kwaikwayon tibi. Wuta ta USB yake sha, 5V. A kwalin akwai wayar wuta da wata 'yar takarda da rubutunta sai ka matso da ita kusa da ido, wayar HDMI kuwa babu, kai zaka nemo.

HDMI na biyun nan shine ya sa na saye shi, kuma shine duk darajar akwatin a wajena. Yadda yake aiki, sauti a HDMI baya tafiya shi kaɗai, a cikin siginar hoto yake hawa, dan haka akwatin sai ya ƙirƙiri wani baƙin hoto marar komai mai ƙaramin girma wanda tsohuwar risiba zata iya ɗauka, ya ɗora sautin a kai ya miƙa mata, shi kuma ainihin hoton 4K ya wuce tibi ba tare da ya bi ta kanta ba. Ita risiba a zatonta wata tsohuwar na'urar faifai aka jona mata. Kuma abinda mutane da yawa basu lura da shi ba, HDMI tun fitowarsa ta farko a 2002 yana iya ɗaukar layin sauti takwas ba matsi, wato abinda ya tsufa a risibarka ɓangaren hoto ne, na sauti yana nan daram in dai tana karɓar PCM, wato sautin da ba a matse ba, mai layi da yawa ta HDMI. Ka tabbatar da wannan a littafinta fa, dan akwai wasu na da can da HDMI ɗinsu wucewa kawai yake, basa karanta sautin ciki sam.

Haɗawar ba wani wahala. PS5 zuwa ramin shiga, ramin fita zuwa HDMI ɗin tibi mai 120Hz, dan ba duka ramukan tibi ne suke da shi ba, galibi an rubuta a gefen ramin, sai HDMI na sauti zuwa kowane rami a risiba. Na sa makunnin a 7.1 da farko sannan na dawo da shi 5.1 tunda sifikun da nake da su kenan. Wannan makunnin EDID yake canzawa, wato bayanin da na'ura take aika wa gem tace ga abinda zan iya ɗauka. Tibi yawanci cewa yake sifika biyu gare ni, gem kuma ya yarda ya aiko da sitiriyo, shi kuma akwatin sai ya shiga tsakani yace a'a, shida ne, aiko duka. In ka murɗa makunnin ka cire wutar akwatin ka mayar, in ba haka ba gem ɗin zai ci gaba da riƙe tsohon bayani kai kuma kana ta zagin akwati.

A PS5 ka shiga saitin Sound, Audio Output, wajen HDMI Device Type ka zaɓi AV Amplifier, adadin layi ka sa 5.1, can ƙasa wajen Audio Format ka barshi a Linear PCM. Akwai wani allo da zai nuna maka da'ira da sifiku kewaye da kujera, ka ja kowacce zuwa inda take da gaske a ɗakinka, kar ka tsallake shi yana da amfani sosai. Ina gamawa fuskar risiba ta rubuta PCM da 'yan akwatuna shida duk a kunne, a nan na san an dace.

Sautin kuwa, kai. Gem ɗin harbi na fara sawa, akwai wani waje da ake bi ta cikin wani dogon gini ruwa yana ɗiga daga rufi, da sifikun tibi ɗigar ruwan wata 'yar ƙara ce kawai a gaba, yanzu kuwa tana bayana ta hagu, in na juya ɗan wasan sai ta zagayo ta dama ta dawo gaba a hankali ba tsalle, takun abokin gaba kuma na ji shi yana hawowa ta baya kafin ya bayyana a allo. A gem ɗin ƙwallo mai sharhi ya koma sifikar tsakiya shi kaɗai, ihun 'yan kallo ya bazu a gefe da baya, sai muryarsa ta fito fes ba sai na ƙara murya ba. Na tseren mota shi wufa ya fi ba wa aiki, in an shiga ramin dutse gurnanin injin har a kujera kake jinsa. Duk wannan fa ba akwatin ne ya ƙara wa sautin daɗi ba, kar wani ya ruɗe ka da tallan wai yana gyara sauti, lambobi ne suke shiga lambobi suke fita, aikinsa ya isar da su yadda suke kuma ya isar.

Hoto ma na duba, dan nan ne irin waɗannan akwatunan suke cin amana. A PS5 akwai shafin Video Output Information, ya nuna min 2160p a 120Hz da HDR, VRR ma, wato daidaita saurin hoton tibi da na gem, ya wuce. Amma fa ka kula da kyau wajen saye, mafi yawan masu arhar nan HDMI 2.0 ne, 18Gbps, iyakarsu 4K a 60Hz, kuma a kwali zasu rubuta 4K da manyan baƙaƙe su yi shiru da sauran. Wanda kake nema sai an rubuta HDMI 2.1 da 40Gbps ko 48Gbps, an kuma ambaci 4K 120Hz da VRR da sunansu. PS5 iyakar abinda yake fitarwa 32Gbps ne, Xbox Series X 40Gbps, kaga 18 bazai ɗauka ba ko kusa. Wayoyi ma haka, yanzu biyu ne a hanyar hoto ba ɗaya ba, dukkansu sai sun zama Ultra High Speed, wadda ta zo a kwalin gem ɗin ta isa ɗaya, ta biyun ka nemi gajera mai kyau. Ta zuwa risiba kuwa ko wacce tsohuwa ka tsinta a durowa zata yi.

Yanzu oftikal, dan nasan da yawa saboda shi zasu sayi akwatin, musamman masu hom tiyatar nan da take zuwa a kwali ɗaya da na'urar DVD, wadda HDMI ɗinta na fita ne kawai, bata karɓa. Na gwada shi dan in ga yadda yake, kuma gsky ya yi aiki amma akwai magana. Oftikal fasahar Toshiba ce tun 1983, an yi ta ne dan sitiriyo, sauti marar matsi layi biyu kawai take ɗauka. In kana son 5.1 ta cikinta dole a matse shi ya koma Dolby Digital, wanda iyakarsa 640kbps, ko DTS mai kusan 1.5Mbps. Kwatanta da PCM layi shida a 48kHz da 24-bit, wajen 6.9Mbps kenan. Kuma akwatin baya matse komai da kansa, gem ɗin ne zai yi, sai ka koma saitin ka canza daga Linear PCM zuwa Dolby ko DTS. In ka manta ka barshi a PCM 5.1, sifikun gaba biyu kaɗai zasu yi magana, layin tsakiya ya ɓace, sai kaga mutane a allo suna motsa baki kiɗa yana tashi amma ba murya.

Bambancin daɗin sauti tsakanin Dolby Digital da PCM ni ban ɗauke shi wani babban abu ba, kunne na gari ne zai kama shi, a tsakiyar wasa ma waye yake saurare. Jinkiri ne ya dame ni. Gem sai ya matse sautin, risiba ta warware shi, duk wannan lokaci yake ci, kuma tibi a Game Mode hotonsa da sauri yake fita, a 60Hz kowane hoto milisakan 16.7 ne, a 120Hz 8.3. To sai ka danna harbi, wutar bakin bindiga ta haska, ƙarar ta biyo baya da ɗan kaɗan. A fim bazaka damu ba, ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya ITU ma ya nuna mutum baya fara lura da sauti ya makara sai ya kai wajen milisakan 125, amma a gem yatsanka ne ya jawo ƙarar, jikinka ya san lokacin da ya kamata ta zo, abinda bai kai haka ba ma kana jinsa. A menu ya fi fitowa fili, kana gangarawa da sauri ƙarar tik tik ɗin tana bin ka a baya. Kar kuma ka ce zaka gyara da Audio Delay na risiba, wannan ƙara jinkiri kawai yake, an yi shi ne dan lokacin da hoto ya makara, ba yadda za ai ya jawo sauti ya zo da wuri. Da na koma HDMI da PCM abin ya ɓace gaba ɗaya.

Masu Switch ku saurara nan. Shi Switch 5.1 ɗinsa PCM ne kawai, baya fitar da Dolby Digital ko DTS kwata-kwata, dan haka ta oftikal har abada sitiriyo zaka samu ko wane akwati ka saya. Ta HDMI na sauti kuwa na jona shi na sa TV Sound a Surround, ƙarar gwajin ta zagaya sifiku ɗaya bayan ɗaya har wufa. Xbox Series X na wani abokina ma mun gwada, a Volume & audio output muka zaɓi 5.1 uncompressed ya tafi lafiya lau, shafin 4K TV details ma ya nuna 120Hz yana nan.

Dolby Atmos fa, wato sautin da har daga sama yake zuwa? PS5 ya samu Atmos a ofdet ɗin Satumban 2023, Xbox ya daɗe da shi ta manhajar Dolby Access. Akwatin yana wucewa da shi, amma risibar da aka ƙera kafin 2014 bata san shi ba, dan a shekarar ya fara shiga kayan gida, in ka zaɓe shi shiru zaka ji ko saitin ma ya ƙi zaɓuwa. Ni dai ban ji rashinsa ba tunda bani da sifikun sama, 5.1 da aka jera daidai yafi min Atmos na ƙarya da ake cusawa a 'yar sandar sauti mai sifika biyu.

Tunda na ambaci jerawa bari in ɗan kauce, dan wani zai sayi akwati ya haɗa komai daidai yace bai ji bambanci ba, ka leƙa falonsa ka tarar da sifiku biyar duk a jere a kan teburin tibi. Ta tsakiya a saitin fuskarka take, na gaba biyu kusan digiri 30 hagu da dama, na baya kuma ba can bayan ƙeya ba, gefe ne da ɗan komawa baya, wajen digiri 110. Sannan ka auna nisan kowacce daga inda kake zama ka shigar a risiba, sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya, kenan duk mita ɗaya kusan milisakan 3 ne, da wannan lissafin risiba take daidaita isowarsu kunnenka tare. In sifikunka ƙanana ne ka sa su a Small, ka yanke musu bes a 80Hz ko sama da haka, wufa ta ɗauki nauyin ƙasa. Jan waya a ja, baƙa a baƙi, in ka juya ɗaya bes ɗin zai zama holoƙo. In risibarka ta zo da ɗan makirfon awo, irin su Audyssey ko YPAO, ka nemo shi a inda ka jefar ka yi amfani da shi.

To abubuwan da suka ban haushi. Na farko rimot. Da can rimot ɗin tibi ɗaya yake kunna komai ta CEC, abinda Samsung suke kira Anynet+, LG suce Simplink, Sony suce Bravia Sync, duk abu ɗaya ne. Akwatin yana wuce da CEC tsakanin gem da tibi, in na kunna PS5 tibi yana tashi, amma risiba an barta a gefe, ita sai na kunna ta da hannu na ƙara murya da nata rimot ɗin, an koma rimot biyu a hannun kujera. Na biyu, duk sanda gem ya sauya daga 60Hz zuwa 120Hz ko ya shiga HDR allo yana yin baƙi, dama ko ba akwati yana yi, amma da shi ya ɗan fi daɗewa, sautin ma sai ya ɗauke ya dawo da 'yar ƙara ƙas daga risiba. Wani lokacin kuma in na kunna risiba bayan gem ya riga ya tashi sai hoto ya ƙifta, dan sai an sake gaisawa tsakanin na'urorin daga farko, yanzu na saba risiba nake fara kunnawa, sai tibi, gem a ƙarshe. Yana ɗaukar zafi sosai in an daɗe a 120Hz, kar ka cusa shi a bayan gem wajen da iska mai zafi take fita. Fitilunsa shuɗaye kuma haskensu yayi yawa, da dare kamar su tsone maka ido, baƙin salatif na manna musu.

Wutarsa ma akwai abin lura. Na fara ba shi wuta daga USB na bayan tibi dan in rage wayoyi, sai hoto ya riƙa ɗaukewa jefi-jefi a tsakiyar wasa, ashe ramin baya ba shi isasshiyar wuta, tsohon USB 2.0 rabin amfiya yake bayarwa a ƙa'ida. Da na sa masa kan caja nasa na kansa bai ƙara yi ba.

Akwai maɓallin eARC a jikinsa, wannan wata hanya ce daban, ka jona duk na'urorinka a tibi kai tsaye, akwatin ya zauna a ramin eARC yana karɓar sautin da tibi ya dawo da shi yana miƙa wa risiba. Daɗinta ba sai kana cire waya kana sokawa ba in kana da gem biyu ko uku, kuma manhajojin kallo na cikin tibi suma su samu sifikun. Amma sai tibin yana da eARC na gaske, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017 mai ɗaukar kusan 37Mbps, ba ARC na 2009 ba, shi wannan ƙarfinsa kusan ɗaya da oftikal, matsalarsu ɗaya. Sai kuma ka shiga saitin sautin tibi ka sa shi a Pass-through, in ka barshi a Auto wasu tibin sai su taɓa sautin su ƙara masa jinkiri ko su mayar da shi sitiriyo, wasu kuma basa wucewa da DTS sam. A nawa ta yi aiki, amma a kunnena hanyar farko ta fi saurin amsawa, dan haka PS5 na barshi a kanta.

In risibarka da tibinka duk suna da eARC baka buƙatar wannan akwatin, waya ɗaya ta gama maka. In kana da niyyar sayen sabuwar risiba kwanan nan ma ka haƙura da shi, sai dai ka duba tana wuce da 4K 120Hz, dan wasu na farko-farkon da suka fito a 2020 sun yi fama da baƙin allo in an jona musu Xbox Series X a 120Hz har sai da aka fito da gyara. Mai hom tiyatar da oftikal kaɗai gare ta zai samu 5.1 a PS5 da Xbox, da ɗan jinkirin da na faɗa, kuma kafin ya kashe kuɗi ya fara gwada ramin oftikal na bayan tibinsa, wataƙila ma shi kaɗai ya ishe shi. Wanda ramukan sauti ja da fari kawai yake da su a bayan kayansa, ramin iyafis na akwatin zai ba shi sitiriyo, makunni a 2.0, iyakarta kenan. Mai irin tawa kuwa, tsohuwar risiba mai karɓar PCM ta HDMI da tibi mai 120Hz, shi aka yi wa akwatin, tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan rimot ne ya cinye.